HAYAR FILIN JAMA'A DOMIN KAFA TURAKUN SADARWA DA TSARON GOBARAR DAJI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da Malamansu, da Dagatai da Masu Unguwanni da ke ƙarƙashinsu. Dalilin shirya shi kuwa shi ne, sau da yawa baƙo yakan iso ƙofar Hakimi da takarda a hannu, ya ce kamfani ne ya aiko shi neman ɗan fili inda za a kafa turken sadarwa, watau abin nan da jama'a suka fi sani da ƙarfen sabis. Filin da yake nema ba shi da yawa, kuɗin da ya ambata yana da kauri a ido, ga shi kuma yana gaggawa. To, a irin wannan zama ne akan yi kuskuren da za a shekara goma ana jayayya a kansa.

An ɗauko misalan cikin gari daga Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi, a Ƙaramar Hukumar Tarauni, inda gidaje suka cika, fili ya yi tsada. Misalan karkara kuwa an ɗauko su daga Dajin Falgore, a kudancin Jihar Kano, inda turken zai iya yin wani aiki na biyu, watau tsaron gobarar daji.

ABIN DA TURKEN SADARWA YAKE YI

Kafin shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. A watan Agusta kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, Globacom ya biyo baya a 2003. Tun daga nan turaku suka riƙa tsirowa a birni da ƙauye.

Wayar hannu ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Idan mutum ya buga waya a Babban Giji, muryarsa takan tafi ta iska zuwa turken da ya fi kusa da shi, daga nan a miƙa ta zuwa cibiyar kamfani, cibiya kuma ta aika da ita ga turken da ke kusa da wanda ake nema. Kowane turke yana da iyakar ƙasar da yake ji, yana kuma da iyakar yawan mutanen da zai ɗauka a lokaci guda. Saboda haka a karkara turke ɗaya yakan isa ƙauyuka da dama, amma a unguwa mai cunkoso kamar Gyaɗi-Gyaɗi, inda ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga Titin Zariya da ba ya rabo da jama'a, sai an kafa su kusa da kusa. Wannan shi ya sa masu neman fili ba su daina zuwa ba.

Filin da ake bukata yawanci bai wuce mita 15 a tsawo da mita 15 a faɗi ba, watau wajen ƙafa 50 kowane gefe. A cikinsa akan kafa turken ƙarfe, a ajiye akwatunan na'ura, da janareta, da tankin man dizal, da batura, a wasu wurare har da faifan hasken rana, sa'an nan a kewaye da katanga ko waya. Da yake a cikin gari filin da babu gini ya yi ƙaranci, idon masu nema yakan faɗa kan kusurwar makaranta, ko bayan asibiti, ko gefen kasuwa, ko bakin makabarta, ko filin Idi. Waɗannan kuwa duk filayen jama'a ne.

WANDA KE DA IKON BA DA FILI

A zamanin En'e, Hakimai da Dagatai suna da hannu sosai a rabon ƙasa, ko da yake tun Dokar Ƙasa ta 1910 hukuma ta ɗauki ƙasar Arewa a matsayin amanar da ake riƙe wa 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ci gaba a kan wannan tafarki, ta sa ikon a hannun Minista. A 1976 aka yi gyaran Ƙananan Hukumomi, En'e ta kau. A ran 29 ga Maris, 1978, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ita ake bi har yau, Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ba ta kariya. Ga abin da ya shafi wannan magana daga cikinta:

1. Dukkan ƙasar da ke cikin Jiha tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana domin amfanin jama'a.

2. Ƙasar birni Gwamna ne ke kula da ita kai tsaye. Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni duk cikin birni suke, saboda haka maganar filinsu tana komawa ga ma'aikatar ƙasa ta Jiha.

3. Ƙasar da ba ta birni ba Ƙaramar Hukuma ce ke ba da iznin zama a kanta bisa al'ada.

4. Wanda ke riƙe da takardar mallaka ta Gwamna ba shi da ikon sayarwa, ko jinginarwa, ko ba wani haya a ƙarƙashin takardarsa, sai da yardar Gwamna. Cinikin da aka ƙulla ba bisa doka ba, doka ta ce ɓatacce ne.

5. Filin da ke hannun Gwamnatin Tarayya, Shugaban Ƙasa ne ko Ministan da ya wakilta ke da iko a kansa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na Tarayya ne, saboda haka maganar filinsa ba ta Ƙaramar Hukuma ba ce.

6. Gwamna yana iya karɓe fili domin amfanin jama'a, doka kuwa ta ambaci aikin sadarwa da na lantarki a cikin irin wannan amfani. Idan an karɓe, akan biya diyyar gini da shuka da sauran abin da aka kashe wa filin. Idan mai filin al'umma ce, Gwamna yana iya umurtar a biya al'ummar, ko a ba shugabanta ya sarrafa domin amfaninta bisa al'ada, ko a zuba a wani asusu da ya ambata.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, Hakimi ba ya ba da filin jama'a, ba ya sayar da shi, ba ya kuma ba da hayarsa. Haka Dagaci, haka Mai Unguwa, haka shugaban makaranta, haka Sarkin Kasuwa. Filin makaranta na hukumar da ke riƙe da makarantar ne, filin kasuwa na hukumar da ke riƙe da kasuwar ne. Wanda duk ya sa hannu a takardar haya alhali ba shi da iko, ya ɗauko wa kansa rigima, domin ran da magana ta tashi sa hannunsa za a fara nunawa.

AIKIN DA YA RAGE WA HAKIMI

Kada wannan ya sa a zaci Hakimi ba shi da abin yi. Ma'aikacin da ke ofis taswira yake gani, Hakimi kuwa ya san ƙasar da ƙafarsa. Shi ya san cewa kangon nan da babu kowa tsohuwar makabarta ce, shi ya san cewa kwarin can hanyar ruwa ce da damina, shi ya san filin da wani bawan Allah ya yi wakafi da shi tun kafin a haifi masu neman. Idan bai faɗa ba, babu mai faɗa. Saboda haka idan mai neman fili ya zo, ga abin da ya kamata a yi:

1. A tambaye shi takardar shaida daga kamfanin da ya aiko shi, Malami ya rubuta sunan kamfanin da lambar takardar da kwanan wata. A gane ko ma'aikacin kamfani ne ko dillali, domin dillali ladansa yake nema, ba shi zai zauna da maƙwabta ba.

2. Hakimi ya aika Dagaci da Mai Unguwa su je su ga filin da idonsu, tare da dattawan wurin, a tabbatar da ko na wane ne.

3. Idan filin jama'a ne, a rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukuma, a aika da kwafe ga Majalisar Sarki, a bayyana tarihin filin da abin da jama'a ke yi da shi.

4. A tara maƙwabtan da gidajensu ke kewaye da wurin, a gaya musu abin da ake shirin yi tun ba a kawo siminti ba, a rubuta abin da suka ce.

5. Kada a bari a fara haƙa sai an ga iznin gini. A cikin birnin Kano hukumar tsara birni ta KNUPDA ce ke ba da shi. Akwai kuma takardar Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama, watau NCAA, game da tsawon turken, wadda ke da muhimmanci a gari mai filin jirgi kamar Kano.

Makabarta da filin Idi da burtali da mashayar dabbobi, shawarar da ta fi ita ce Hakimi ya nuna rashin dacewarsu tun da fari, ya taimaka a nemi wani wuri. Abin da aka gutsura daga irin waɗannan filaye da wuya ya dawo.

SHARUƊƊAN DA ZA A DUBA A TAKARDAR HAYA

Ko da yake hukuma ce za ta sa hannu, ya kamata Hakimi ya nemi a nuna masa takardar, ya ba da shawara, domin talakawansa ne za su zauna da abin da aka rubuta. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Na farko, iyaka. Safiyo ya auna filin, a kafa alamun siminti a kusurwa huɗu, a haɗa taswira da takardar. A rubuta hanyar da motar mai za ta riƙa bi. Idan a makaranta ne, a yi wa turken ƙofarsa ta waje, kada tanka ta riƙa ratsa filin wasan yara.

Na biyu, wa'adi. Irin wannan haya takan kai shekara 10 ko 15, wani lokaci fiye. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, a kuma lura da sharaɗin da ke cewa haya za ta sabunta kanta idan ba a yi magana ba.

Na uku, kuɗi. Kamfani yakan so ya biya na shekaru da yawa a dunƙule, wannan kuwa yakan burge mai karɓa. Amma a tuna, a 2001 dala ɗaya ba ta kai naira 150 ba, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Kuɗin hayar da aka yanke ba tare da sharaɗin sake dubawa ba, kafin wa'adi ya cika ya zama abin dariya. A sa sharaɗin sake duba shi bayan kowace 'yan shekaru.

Na huɗu, canjin hannu. A 2014 MTN ya ƙulla cinikin miƙa turakunsa fiye da 9,000 ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da nasa wajen 4,800 ga kamfanin American Tower. Watau mai turken yau ba lalle ne shi ne kamfanin wayar da jama'a suka sani ba, turke ɗaya kuma yakan ɗauki na'urorin kamfani biyu ko uku. A rubuta cewa duk ran da turken ya canja hannu za a sanar da hukuma a rubuce, sabon mai shi kuma ya gaji dukkan sharuɗɗan.

Na biyar, ɓarna da tashi. A rubuta wanda zai biya idan turken ya faɗi, ko wuta ta tashi, ko mai ya malala. A kuma rubuta cewa ran da haya ta ƙare kamfani zai kwance ƙarfensa, ya fasa simintinsa, ya mayar da filin yadda ya same shi.

Kuɗin hayar filin jama'a baitulmalin hukumar da ke da filin yake shiga, da rasit. Kyautar da mai nema ya kawo gida da dare ba haya ba ce, kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da Hakimi zai iya roƙa a fili shi ne a waiwayi wurin da aka gutsuri filinsa, in makaranta ce a gyara mata aji ko a haƙa mata rijiya, a kuma rubuta wannan a takarda.

KOKE-KOKEN MAƘWABTA

Kukan da aka fi kawowa shi ne wai iskar da turken ke fitarwa tana sa ciwo. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a sami gamsasshiyar hujja ba cewa raunanan igiyoyin da ke fitowa daga waɗannan turaku suna cutar da lafiya. Ya kamata a gaya wa jama'a wannan cikin natsuwa. Amma akwai cutarwa ta zahiri wadda ido ke gani, kunne ke ji: ƙarar janareta da dare, da hayaƙinsa, da man dizal da ke tsiyaya ya gangara rijiya, da haɗarin faɗuwar ƙarfe idan iskar farkon damina ta taso.

Saboda haka aka sa tazara. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce a bar mita 5 tsakanin turke da maƙwabcinsa. Dokar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce mita 10, watau wajen ƙafa 33. A unguwa kamar Babban Giji, inda katanga ke jingine da katanga, wannan tazara ita ce abin da za a fara aunawa, Malami ya rubuta abin da aka samu. A duba kuma ko akwai jar fitila a ƙololuwa domin jiragen sama, da wayar da ke kai tsawa ƙasa. Koke a rubuta shi, a aika wa kamfani da hukuma. Kada a bari matasa su rufe ƙofar turke ko su taɓa kayansa, domin a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Ran da turke ya tsaya kuma, mai naƙuda da mai neman 'yan kwana-kwana su ne farkon masu shan wahala.

TURKE DA TSARON GOBARAR DAJI

Hakiman karkara sun san abin da ke faruwa daga Nuwamba zuwa Maris. Ciyawa ta bushe, iskar hunturu na kaɗawa. Mafarauci ya cinna wuta don ya kori gafiya da zomo, mai ɗibar zuma ya yar da bakin wuta, makiyayi ya ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta toho. Kafin a ankara wuta ta ci dammunan da ba a kwashe ba, ta ci kara da harawa, ta kashe ƙananan itatuwa, wani lokaci ta shiga ƙauye ta kama rumbuna. A 2011 NESREA ta fitar da dokar hana ƙona daji barkatai, amma doka ba ta ganin hayaƙi, sai an sami mai gani.

Dajin Falgore, wanda a da ake kira Gandun Dajin Kogin Kano, ya shafi ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Kano zuwa Jos kuma ta ratsa shi. Ruwan da ke gangarowa ta cikinsa shi ke shiga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Idan wuta ta cinye ciyawa da itatuwan wannan daji, ruwan sama yakan kwashi ƙasa ya zuba a madatsa, asarar kuwa har manomin rani na Kadawa sai ta taɓa.

A ƙasashe da dama tun da daɗewa akan gina hasumiya a kan tudu, a sa mutum ya zauna yana duban hayaƙi. Yanzu kyamara ta karɓi wannan aiki, turken sadarwa kuwa ya dace da ita, domin yana da tsawo, yana da wutar lantarki dare da rana, yana kuma da hanyar aika hoto nan take. A Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda gobarar watan Nuwamba 2018 ta cinye garin Paradise, ta kashe mutum 85, ta ƙone gine-gine fiye da 18,000, Jami'ar Kalifoniya ta San Diego tana gudanar da shirin ALERTCalifornia mai kyamarori fiye da 1,000 a kan tuddai da turaku. Daga 2023 aka koya wa kwamfuta ta riƙa gane hayaƙi a cikin hotunan, ta sanar da 'yan kwana-kwana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga yadda abin ke aiki. Kyamara tana juyawa a hankali tana duba kowace kusurwa. Kyamara ɗaya tana nuna wajen da hayaƙi yake, amma ba ta faɗin nisansa sosai. Idan biyu suka hango shi daga turaku dabam dabam, sai a ja layi biyu a taswira, inda suka gamu nan wutar take. Taurarin ɗan Adam, kamar Terra da Aqua na Amurka da aka harba a 1999 da 2002, su ma an yi amfani da su wajen gano wutar daji daga sama, amma irinsu sau kaɗan suke wucewa a yini, kyamara kuwa ba ta barin wurinta. Aibinta shi ne ƙurar hunturu tana rage mata gani, saboda haka ba ta maye gurbin ma'aikacin daji da Sarkin Dawa da Arɗo ba, taimaka musu take yi.

Abin da ya shafi Hakimi a nan shi ne, lokacin rubuta takardar haya shi ne lokacin da hukuma ke da bakin magana. Idan ana neman fili a gefen daji ko a kan tudu, Hakimi ya ba da shawara a sa sharaɗi cewa za a bar wa hukuma gurbi a jikin turken, da ɗan abin da ake bukata na lantarki, domin ɗora kyamara ko na'urar oba-oba ta ma'aikatan daji da 'yan kwana-kwana, ba tare da biya ba. A sa kuma sharaɗin share ciyawa kewaye da katangar turken kafin kaka ta wuce, domin tankin mai a tsakiyar busasshiyar ciyawa haɗari ne. A cikin gandun daji na hukuma kuwa, ma'aikatar Jiha mai kula da gandun daji ce kaɗai ke da ikon yarda a sare ko a gina.

Wannan sharaɗi yana da amfani a birni ma. Gobarar da ta tashi cikin dare a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna. Idon da ke sama yana duban kasuwa lokacin da masu ita ke barci ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a rubuta a fili cewa kyamarar ta hango hayaƙi ce, ba za a karkata ta cikin gidajen mutane ba, a kuma ambaci hukumar da ke da alhakin duba hotunan. Kyamarar da babu mai dubawa, babu mai tashi in ta nuna wuta, ƙarfe ce kawai.

LITTAFIN MALAMIN HAKIMI

Hakimi yakan canja, Shugaban Ƙaramar Hukuma yakan sauka, kamfani yakan sayar da kayansa, amma turken yana nan. Abin da zai raba gardama bayan shekara 15 shi ne abin da Malami ya rubuta yau. Saboda haka kowane ofishin Hakimi ya buɗe littafi na musamman, kowane turke da shafinsa, a rubuta:

1. Unguwa ko ƙauyen da yake, da sunan Dagaci da Mai Unguwar wurin.

2. Mai filin, ko hukuma ce ko mutum, da girman filin.

3. Kamfanin da ya kafa, da wanda ke riƙe da shi yanzu, da lambar da ke rubuce a ƙofarsa.

4. Ranar fara haya da ranar ƙarewa, da ranar sake duba kuɗi.

5. Lambobin takardun izni da aka gani, da tazarar da aka auna.

6. Alkawuran da aka yi wa jama'a, da ranar da aka cika kowanne.

7. Koke-koken da aka kawo, da inda aka aika da su, da amsar da ta dawo.

Sau ɗaya a shekara, bayan an gama kaka, Malami ya karanta wa Hakimi wannan littafi a gaban Dagatai. Hayar da ta rage shekara ɗaya ta ƙare, a rubuta wa Ƙaramar Hukuma tunatarwa tun da wuri, domin a sami damar gyara abin da aka manta a karon farko.

Filin makaranta da na kasuwa da na daji an gaje su ne daga waɗanda suka tsare su, za a kuma bar wa na baya. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.